Sha'ir ɗaya, farashi biyu: yadda manomin Kanada ke zaɓar wanda zai sayar wa

A yammacin Kanada, a lardunan Alberta da Saskatchewan inda ake noman mafi yawan sha'irin ƙasar, manomi kan gama girbi wajen watan Satumba ya zuba hatsinsa a manyan rumbunan ƙarfe, amma har a lokacin bai san kuɗin da ya mallaka ba. Nauyin hatsin ya san shi. Abin da ya rage masa shi ne ajin da za a sa hatsin. Idan kamfanin tsiro, wato mai tsirar da hatsi don yin malt, ya duba ya karɓa, ya zama sha'irin malt, farashinsa na sama. Idan ya ƙi, hatsin nan dai, ba tare da komai ya canza a jikinsa ba, ya koma abincin shanu, farashinsa na ƙasa. Tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu ita ke juya manomi tun daga irin da zai shuka har zuwa ranar da zai buɗe rumbu.

Aikin kamfanin tsiro ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wadda ta taɓa tsirar da dawa ko shinkafa don kunun zaƙi ta san hanyar: a jiƙa, a bari ya tsiro, a shanya. Su ma suna jiƙa sha'ir wajen kwana 2, su bar shi ya tsiro kwana 4 zuwa 5, sannan su busar da shi da iska mai zafi. Mafi yawan abin da ke fitowa kamfanonin giya ne ke saye, ragowar kuma ya tafi lemun malt da wasu kayan abinci. Saboda haka kamfani ƙwaya mai rai yake saye. Shi kuwa mai turka shanu babu ruwansa da ran ƙwaya, nauyi yake so da ƙarfin da zai sa sa ya yi ƙiba. A nan ne kasuwar ta rabu gida biyu.

Sharuɗɗan kamfani suna da tsauri. Daga cikin ƙwaya 100 da aka gwada, aƙalla 95 sai sun tsiro. Sinadarin furotin ana son sa tsakanin kashi 11 da 12.5 cikin ɗari ko kusa da haka. Danshi kada ya wuce kashi 13.5. Ƙwayar ta zama mai kauri, ɓawonta bai saluɓe ba, bai fashe a injin girbi ba. Kada a sami gubar da cutar fusariyam ke bari a hatsi. Kada a fesa maganin ciyawa na gilifoset dab da girbi, ko da yake manoman wasu amfanin gona kan yi haka. Kuma irin ya kasance ɗaya tak, ba gauraye ba, daga cikin waɗanda kamfanoni suka yarda da su. Akwai cibiya a Winnipeg mai suna CMBTC da ke fitar da jerin irin da ake so kowace shekara. Shekaru da dama AC Metcalfe da CDC Copeland ne suka riƙe kasuwar, daga baya AAC Synergy da wasu sababbi suka shigo.

Cikin sharuɗɗan nan, na furotin ne ya fi cin ran manomi, domin yana karo da abin da kowane manomi ke so. Takin naitirojin, irin su yuriya, shi ke ƙara yabanya, shi ne kuma ke ɗaga furotin. Wanda ya nufi kasuwar tsiro dole ya sassauta hannu wajen zuba taki, wato ya yarda da ragin amfani tun kafin ya ga kuɗin kowa. Bayan ya yi wannan haƙuri, idan damina ta zo da ƙarancin ruwa, ƙwayar ta fito siririya, furotin ya haura duk da haka. Idan kuma ruwa ya yi yawa a ƙarshe, ya sauka kan zangarniyar da ta nuna, ƙwayar kan fara tsirowa tun tana tsaye a gona. Sau da yawa ido ba ya ganin wannan, sai na'urar gwaji. Ƙwayar da ta fara tsiro ta tsaya ba ta daɗewa a rumbu kafin ta mutu. Haka aka yi a 2014, lokacin da ruwan ƙarshen damina ya lalata sha'iri mai yawa a Alberta da jihohin Montana da Idaho na Amurka, haka kuma a 2019, girbin da ruwa da dusar ƙanƙara suka hana kammalawa a kan lokaci.

Sakamakon duk wannan shi ne, ko da yake kaso mai yawa na gonakin sha'ir a Kanada irin na tsiro ake shukawa a cikinsu, abin da ake zaɓa a ƙarshe bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na girbin ƙasar ba. Wani an ƙi shi ne don bai cika sharaɗi ba, wani kuwa ya cika amma kamfanoni sun riga sun ƙoshi. Ragowar duk bakin shanu da aladu ya nufa, ko jirgin ruwa zuwa ƙasashen waje a matsayin abincin dabbobi.

To wa ke yanka farashin na dabbobi? A kudancin Alberta, kewayen birnin Lethbridge, akwai tarin wuraren turka shanu da babu kamarsu a ƙasar, inda ake tara dubban shanu a wuri guda ana ɗura musu hatsi har su kai yanka. Farashin da ake biya a Lethbridge shi ne ma'aunin da kowa ke kallo. Manomin da ke nesa, a tsakiyar Saskatchewan misali, sai ya cire kuɗin mota daga wannan farashi ya san nasa. Amma su ma masu shanun ba su da amana da sha'ir. Idan ya yi tsada, sai su yi odar masara daga Amurka, jirgin ƙasa ya kawo musu. Ke nan farashin masara a kasuwar Chicago, haɗe da kuɗin dako da canjin dalar Kanada, shi ke sa wa sha'irin dabbobi iyakar da ba zai wuce ba. Kamfanin tsiro kuma a kan wannan farashi yake ɗora nasa. Kamfanoni irin su Canada Malting a Calgary, da Rahr a garin Alix, da Prairie Malt a Biggar, dole su ba da abin da ya ɗara na masu shanu, in ba haka ba babu wanda zai kawo musu hatsi. Mutane da yawa suna ɗaukar kasuwar tsiro a matsayin babbar yaya saboda ita ke biya da tsoka. A ganina ta dabbobi ce ke jan ragama, ta tsiro tana biye da ita ne da ɗan ƙari a sama.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, don a ga yadda ƙarin nan ke narkewa. A ce na dabbobi dala 250 ne tan ɗaya, na tsiro dala 300. Manomin da ya shuka irin dabbobi ya zuba taki son ransa ya sami tan 4 a kadada, kuɗinsa dala 1,000. Maƙwabcinsa da ya nufi tsiro ya sassauta taki ya sami tan 3.7. Idan an karɓa, dala 1,110. Idan an ƙi, dala 925. In shekara ɗaya ana karɓa shekara ɗaya ana ƙi, matsakaicin abin da yake samu dala 1,017 ne da 'yan kai, wato fifikonsa kan maƙwabcinsa bai kai dala 20 a kadada ba, kuma ba a cire wahalar ajiya ba tukuna. In kuwa gonarsa tana yankin da ake karɓar hatsinsa shekara 3 cikin 4, matsakaicin ya kai wajen dala 1,064, abin ya fara ma'ana. Yanzu a ce tazarar ta ragu daga dala 50 zuwa 20. Ko an karɓi hatsinsa, dala 999 zai samu, ƙasa da wanda bai wahalar da kansa ba. Shi ya sa manoman can ba sa tambayar nawa ne farashin tsiro kawai. Tambayarsu ita ce nawa ya ɗara na dabbobi, kuma sau nawa ake karɓar hatsin yankinsu.

Sai maganar lokaci, wadda lissafin takarda ba ya nunawa. Mai turka shanu ko dillalinsa kan aiko mota cikin 'yan kwanaki ko makonni, a auna, a biya. Kamfanin tsiro ba shi da wurin da zai ajiye hatsin shekara guda, don haka rumbun manomi ne ma'ajiyarsa. Ana iya karɓar samfur a Oktoba, a ce za a kira shi ya kawo a Fabrairu, ko Afrilu, ko ma Yuni. A tsawon watannin nan manomi ne ke hura iska a rumbu, shi ke duba zafi, shi ke biyan kuɗin ruwan bashin da ya ci na taki da iri da man injin. Idan ranar ta zo, ba a sauke motar sai an sake zura bututu an ɗebi samfur an gwada. Ka ɗauki direban da ya yi tafiyar awa uku cikin sanyin hunturu da lodin tan 40, yana tsaye a bakin sikeli, aka fito aka ce masa ƙarfin tsiron ya sauka zuwa 92. Ko dai a rage farashi, ko ya juya da kayansa ya nemi mai shanu mafi kusa, ya sayar yadda ta kama. Kuma mai yiwuwa a lokacin farashin dabbobin da ya ƙi a Oktoba ya riga ya faɗi.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna a tsarin. Ƙarin da kamfani ke biya ana kiransa ladan inganci, amma idan aka duba da kyau ladan ɗaukar kasada ne. Kasadar ruwan sama tana kan manomi, ta fari tana kansa, ta ajiya tana kansa, hukuncin ƙarshe kuma yana hannun mai saye, wanda shi ne ke gwaji da na'urarsa. Manoma sun daɗe suna ƙorafin cewa sharaɗi kan yi laushi a shekarar ƙaranci ya yi tauri a shekarar yalwa, har hatsin da aka karɓa bara a ƙi irinsa bana. Kamfanoni za su ce haka kasuwa take, wanda ke da zaɓi sai ya zaɓi mafi kyau. Gaskiya ne, amma sai a yarda cewa manomin da ya ga tazara ta ƙanƙance ya tura hatsinsa mai kyau ga shanu bai yi wauta ba. Ya yi lissafi ne.

Wani abin da ya ƙara ɗaure masa hannu shi ne rashin kasuwar cinikin gaba mai rai ta sha'ir. Mai noman masara ko alkama ko kanola (amfanin gona da ake matse mai daga ƙwayarsa) yana iya kulle farashi a kasuwar cinikin gaba tun amfanin yana gona, ya warware daga baya idan ya ga dama. Kasuwar sha'ir ta irin wannan da ta taɓa kasancewa a Winnipeg ta mutu saboda ƙarancin masu ciniki. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya kai tsaye da mai saye, kuma a nan ne shekarar 2021 ta koya wa mutane darasi mai ɗaci.

A shekarar, fari da zafi mai tsanani sun afka wa yammacin Kanada. Girbin sha'ir ya faɗo daga tan miliyan 10.7 a 2020 zuwa kusan miliyan 7. Farashin na dabbobi a Lethbridge ya haura dalar Kanada 400 kan tan ɗaya, abin da ba a saba gani ba, masarar Amurka ta riƙa kwararowa da yawan da ya kafa tarihi. Manoman da suka sa hannu tun lokacin sanyi cewa za su kawo tan kaza a farashi kaza sun shiga tsaka mai wuya. Wanda takardarsa ke ɗauke da sharaɗin nan na ƙaddara, wanda ke yafe wa manomi idan bala'in da ya fi ƙarfinsa ya hana shi samun amfani, ya tsira. Wanda babu sharaɗin a tasa, ga gona ba ta ba da komai ba, ga mai saye yana neman a biya shi bambancin tsohon farashi da sabo a kan hatsin da babu shi. Akwai kuma rukuni na uku, waɗanda suka sami hatsin suka cika alƙawari, suna kallo ana biyan maƙwabtansu kuɗin abincin shanu da ya fi abin da su aka biya su na tsiro. Su ma kamfanonin sun sha wuya, sai da suka karɓi hatsi mai furotin sama da abin da suka saba. Tun daga nan manomi mai hankali ba ya sayar da dukan abin da yake sa ran samu kafin girbi. Yakan ɗaure wani kaso, ya bar saura a sake, kuma yana karanta ƙananan rubutun takarda kafin ya kalli farashi.

Duk wannan 'yancin zaɓi ma sabon abu ne. Tsawon shekaru, Hukumar Alkama ta Kanada ce kaɗai ke da ikon sayar da sha'irin tsiro da na fitarwa waje daga lardunan yamma. Manomi ya kai hatsi, a ba shi kafin alƙalami, a ƙarshen shekara a raba ragowar. Na dabbobi na cikin gida kuwa tun 1974 aka sake shi. Wannan ya sa duk lokacin da kuɗin hannu na masu shanu ya yi sama, hatsi kan sulale can. An kawo ƙarshen ikon hukumar ranar 1 ga Agustan 2012, kuma har yau manoma ba su daina gardama kan ko an ci riba ko an yi asara ba.

Akwai kuma hannun da ke juya farashin daga nesa. Ranar 19 ga Mayun 2020, ƙasar Sin ta ɗora harajin kashi 80.5 cikin ɗari kan sha'irin Ostireliya, a daidai lokacin da manoman can ke tsakiyar shuka. Kafin nan Sin ce ke sayen fiye da rabin abin da Ostireliya ke fitarwa. Abin lura, Sinawa ba na ƙarshen kyau kaɗai suke saye ba. Suna ɗaukar mai matsakaicin inganci, wanda kamfanin tsiro na Ostireliya zai ƙi, su yi tsiro da shi, su biya farashin da ya ɗan ɗara na dabbobi. Da ƙofar ta rufe, wannan tsaka-tsakin farashi ya ɓace wa manomin Ostireliya. Hatsin da ya cancanci tsiro ya riƙa tafiya Saudiyya, wadda ta daɗe cikin manyan masu sayen sha'ir a duniya don raƙuma da tumaki, a farashin abincin dabbobi. Wani kaso ya sami sabuwar kasuwar tsiro a Meziko. Wasu manoman suka rage gonar sha'ir suka koma alkama da kanola.

Asarar Ostireliya ta zama ribar Kanada. A kakar 2020 zuwa 2021 sha'irin da Kanada ta aika Sin ya haura tan miliyan 3, rumbuna suka yi ƙasa tun kafin farin 2021 ya zo ya ƙarasa su. Masu shanun Lethbridge suka wayi gari suna takara da jiragen ruwan da ke lodi a Vancouver. Da Sin ta janye harajin a Agustan 2023, Ostireliya ta dawo da hatsinta mai araha da kusancin hanya, cinikin Kanada ya ja baya, farashi ya sauko. Manomin da ya riƙe hatsi a rumbu yana jiran tsadar shekarun baya ta dawo ya ji a jikinsa. Rigimar siyasa tsakanin ƙasashe biyu da ba nasa ba ita ta ɗaga shi, sulhunsu kuma ya sauke shi.

Mu ma abin ya taɓa mu ta wata fuska. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir Najeriya, kamfanonin giya da na lemun malt suka juya ga dawa da masara. Irin dawar nan SK5912 da aka samar a cibiyar binciken noma ta Samaru yana cikin waɗanda aka gano sun dace da aikin. Ko bayan an sassauta dokar, kamfanoni ba su daina sayen dawa ba. Manomin dawa da wakilin kamfani ya zo masa da iri da alƙawarin farashi, ga kuma 'yan kasuwar Dawanau da masu haɗa abincin kaji da kuɗi a hannu, tambayoyin da zai yi su ne na takwaransa na Alberta: nawa ƙarin yake, wa zai yi gwaji, yaushe za a ɗauka, kuma in an ƙi kayan ina za a kai su. Akwai ma waɗanda ba za su sayar wa kamfanin giya ba ko nawa ne ƙarin, saboda addini, wannan kuma hukunci ne da ya wuce lissafin kasuwa.

A Kanada yanzu abubuwa biyu suna sake fasalin lissafin. Na farko, sababbin irin tsiro irin su AAC Synergy suna ba da amfanin da ya kusa kamo na irin dabbobi, don haka asarar da manomi ke yi tun daga shuka ta ragu sosai. Da yawa sukan shuka irin tsiro ba tare da yarjejeniya da kowa ba, su aika samfur bayan girbi. In an karɓa da ƙari mai kyau, madalla, in ba haka ba su kira dillalin shanu, ba su yi asarar a zo a gani ba. Na biyu, shan giya yana raguwa a Arewacin Amurka, buƙatar kamfanoni ba ta ƙaruwa kamar da, suna da damar matse tazarar a shekarun yalwa.

Haɗuwar abubuwan biyu tana da haɗari ga kamfanonin kansu. Manomin da ya saba da cewa ƙarin ba shi da yawa zai daina sassauta taki, ya daina kaffa-kaffa da injin girbi don kada ɓawo ya saluɓe, ya daina ware rumbu na musamman. Gonar sha'ir ma tana takara da kanola da alkama da wake-wake, waɗanda ba a juyo da motarsu daga bakin sikeli saboda ƙwaya uku sun ƙi tsirowa. Kamfanonin da suka fahimci haka su ne ke rubuta yarjejeniyar da ta ƙunshi sharaɗin ƙaddara, da ƙarin kuɗi kan kowane watan ajiya, da tsayayyen lokacin ɗauka, da ragin farashi mataki-mataki idan furotin ya ɗan haura maimakon a ƙi kayan ɗungurungum. Irin wannan takarda tana iya ɗauke da farashin da bai kai na wani mai saye ba, amma manoman da suka ga 2019 da 2021 da idonsu sun fi saurin sa mata hannu.